Takardun da Badamasi Ya Sa wa Leda

Badamasi ya zo Alƙahira daga Gusau neman karatun addini yana ɗan shekara ashirin da uku. Karatu bai yiwu ba, kunya kuma ta hana shi komawa gida hannu rabbana, sai ya yi zamansa. Shekara talatin yana ɗaki ɗaya a unguwar Ainu Shams, yana yi wa 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya tafinta.

Abin da ya samu maimakon shahadar karatu, takardun wasu ne. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya hau jirgin ƙasa na metro zuwa Wustul Balad, wato tsakiyar gari, wurin masu tsofaffin littattafai, ya durƙusa yana tonon kwalayen kamfanonin da suka mutu tun zamanin Turawa. Ba kowace takarda yake so ba, sai wasiƙar ciniki ko yarjejeniya wadda wani mashahurin mai ƙirƙira ya sa wa hannu da kansa: mai injin ban-ruwa, mai keken ɗinki, wani mai fitilar titi. Goma sha tara ya haɗa. Ɗalibanmu da ke karatu a can na tsokanarsa, wai shi da bai ƙirƙiro ko allura ba. Wansa Hussain kuwa in ya bugo waya daga gida, maganarsa ɗaya ce: "To me za ka nuna mana bayan shekara talatin?"

A ƙarshen 2011, lokacin tarzoma, wani tsohon ɗakin karatu ya kama da wuta a tsakiyar gari. Badamasi ya ga mutane na kwaso littattafai baƙi ƙirin, jiƙe da ruwan kashe gobara, hankalinsa ya tashi. Sai ya yi abin da kowane ɗan Najeriya yake yi wa takardar da yake ji da ita: ya kai takardunsa shago aka sa musu leda, irin wadda ake liƙewa da zafi. Ai haka aka yi wa takardarsa ta firamare, ga ta nan garau. Ya dawo yana murna, yanzu ko shayi ya zube musu ba abin da zai same su.

Bayan shekara uku wata cibiya ta shirya baje kolin tsofaffin takardun ciniki, aka ce duk wanda aka karɓi nasa za a rubuta sunansa a ƙarƙashin gilashi. Bawan Allah bai iya haƙuri ba, ya gaya wa Hussain ya jira hoto. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah ya tafi.

Mahasin, wata 'yar Sudan mai jin Hausa, ita ke duba takardun. Ta ɗauki ta mai injin ban-ruwa, ta juya ta, sannan ta dube shi.

"Baba Badamasi, wa ya yi musu wannan?"

"Ni ne. Don kada su lalace."

"Ma'alish, yi haƙuri," ta ce a hankali. "Zafi ya narkar da gam ya shige cikin takardar. Ba za mu iya taɓa ta mu tabbatar ta asali ce ba, kuma ba ya fita. Da a kwalin takalmi ka bar su, da sun tsira."

"Dukansu?"

"Dukansu, Baba. Khalas, shi ke nan."

Bai yarda ba. Yana komawa gida ya samo reza, ya zauna bakin taga, ya fara ɗaga gefen ledar takardar mai injin ban-ruwa sannu a hankali. Ledar ta taso, ta taso da fuskar takardar. Sa hannun da ya shekara ɗari a wurinsa ya rabu biyu, rabi a leda, rabi a takarda. Ga shi ba wanda zai ɗora wa laifi.

Yana nan zaune waya ta yi ƙara, Hussain ne.

"Yara sun taru suna jiran hoton nan. Ina takardun naka?"

Badamasi ya dubi sauran goma sha takwas ɗin, suna ƙyalli a kan tabarma, ko ƙura babu.

"Suna nan, Yaya," ya ce. "Na adana su da kyau."