Hoton da Ya Hana Ni Jana'izar Malam Habu

Da safiyar nan labarin ya same ni, kuma ban yarda ba. Wai Malam Habu Mai Hotuna ya rasu.

Ina Kiyawa ina shirin shiga aji, sai aka turo wani hoto a group ɗinmu na tsofaffin ɗalibai. Malam ne a tsaye, wani ɗan siyasa ya dafa kafaɗarsa. A ƙasa an rubuta wai sun yi rashin jigo a tafiyarsu, jana'iza ƙarfe goma a unguwar Yalwawa, cikin Dutse.

Jigo a tafiyar wa? Malam Habu?

Ga wanda bai san shi ba, shi ya koya mana tarihi a sakandare a Dutse. Ba ya wahalar da allo. Wata tsohuwar jaka gare shi cike da hotuna da zanen barkwanci da ya yanko daga jaridun da, da su yake nuna mana yadda talaka ya samu ƙuri'a. Akwai hoton layin zaɓe na maza zalla, tun lokacin da matan Arewa ba sa jefa ƙuri'a. Akwai na mutane sun jeru a bayan hoton ɗan takara ana ƙirga su a bainar jama'a. Wanda muka fi so shi ne zanen wani ƙato mai babbar riga, ya zauna daram a kan akwatin zaɓe yana yi wa jama'a godiya.

Sai ya rufe rubutun ƙasan hoto da tafin hannunsa, ya ce, "Wa ya ɗauka? Don wa aka ɗauka? Wa aka yanke a gefe?" In ka yi saurin amsawa, ya ce da irin wannan saurin yardar wata rana za a sayar da kai a kasuwar Shuwarin.

Da na fara koyarwa, da kansa ya hawo acaɓa har Kiyawa ya kawo mini fotokwafin rabin jakar. Ko ruwa bai tsaya ya sha ba.

To, yau abin da ya koya mini na yi. Na buɗe hoton na ƙura masa ido. An yanke gefen dama, wannan ko makaho ya shafa zai ji. Shafin da ya fara sa shi na 'yan koren siyasa ne, ga zaɓe na matsowa. Na rubuta a group cewa kada kowa ya yaɗa. Nafi'u, ɗan ajinmu, ya goya mini baya, ya ce ko inuwar hular Malam ba ta yi daidai ba.

Na kira lambar Malam, a kashe. Na ce rashin caji ne.

Manyan mutane da gemunmu, muna musun inuwar hula, ashe a lokacin ana yi masa wanka.

Ganina da shi na ƙarshe a layin karɓar katin zaɓe ne, rana ta take. Na ce bari in yi magana a shigar da shi gaba, ya riƙe mini hannu.

"Innata sai da ta yi furfura kafin a bar ta ta tsaya a irin wannan layin. Ƙyale ni in tsaya."

Ya rame ƙwarai, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa. Na tambaya, ya ce olsa ce kawai. Nan take na yarda. Ni da ba na yarda da komai, a nan ne kaɗai ban yi zargi ba, kuma abin yana ci mini rai.

Goma da rabi ƙaninsa, Baba Ado, ya kira ni yana tambayar ina muka shiga.

Na tari acaɓa, amma kafin in kai Yalwawa na haɗu da jama'a suna dawowa daga maƙabarta. Baba Ado ya ce hoton na ranar rabon kyaututtuka ne a makaranta, ɗan siyasan ne ya jawo Malam aka ɗauka, Malam bai taɓa zama nasu ba. Abin da hoton ke nunawa ƙarya ne, rasuwar gaskiya ce.

Ya ce mutumin ya zo jana'izar da mai kyamara, ya tsaya a sahun gaba. Gobe za ku ga hotunan, kuma ban yarda da abin da za a rubuta a ƙasansu ba. Ba za ku ga ɗan ajinmu ko ɗaya a ciki ba. Ba wanda ya yanke mu, mu ne ba mu zo ba.

Na je kabarin ni kaɗai, ƙasar ba ta ko bushe ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Allah Ya jiƙan Malam Habu, Ya gafarta masa, Ya haskaka makwancinsa, Ya bai wa iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Mu ɗalibansa ba mu cika masa sahu ba, ku taya mu cikawa.