Hajiya da ƙofofin maƙwabta

Ina hanyar aiki aka kira ni daga gidan kula da tsofaffi a Barking, inda mahaifiyata take. Wai kullum da safe tana bin ƙofofin mutane tana ƙwanƙwasawa, suna tsoron ko ruɗewa ta fara.

Gabana ya faɗi, na garzaya.

"Hajiya, me kike nema a ɗakunan mutane?"

Ta harare ni. "Gaisuwa nake yi! Ya zan karya ban san yadda maƙwabtana suka tashi ba?"

Jiya da ta makara, wata tsohuwar Baturiya ce ta dogaro sanda ta ƙwanƙwasa mata, wai ta ji shiru.

Ni ina kukan na kai ta cikin baƙi, ashe unguwa ta kafa. Ku fa, wace al'ada tsofaffinku suka ƙi bari?