Safiyar Larabar da Ka Bar Mini

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, ina tsakiyar darasi shugaban makarantarmu ya tsaya a bakin aji ya yafito ni da hannu. Tun kafin in ƙarasa na ga fuskarsa na san ba lafiya ba. Ya ce, "Sakatare, sai haƙuri. Malam Mai Fensir ya cika yanzu a asibiti." Malam, kwana biyu ke nan da ka yanke jiki ka faɗi a gaban allo, alli a hannunka, ɗalibai suka fito da ihu. Ni da nake sakataren ƙungiyar malamai ta wannan yanki, wanda ya kamata ya riga kowa zuwa bakin gadonka, ban je ba. Ina ta ce wa kaina sai ka ɗan farfaɗo, sai an sallame ka, in same ka a gida mu yi magana a tsanake.

Malam, ba zan tara yabo in lulluɓe abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba. Na zalunce ka a bainar jama'a, kuma ban nemi gafararka ba har ka tafi. Tunda a gaban mutane na ɓata ka, a gaban mutane zan faɗi gaskiya. Amma bari in fara gaya wa waɗanda ba su san ka ba ko kai wane ne.

Shekara ashirin da shida kana koyar da lissafi a makarantar nan, ashirin daga ciki kai ne mai tsara jadawalin darussa a babban kwalin da ake mannawa a bangon ɗakin malamai. Fensirin da ba ya barin bayan kunnenka shi ya ba ka sunan da ya ɓatar da na yanka. Kana cewa wanda ya rubuta jadawali da biro bai san mutane ba, domin wata za ta haihu, wani zai kwanta ciwo, wani zai tashi daga unguwa. Kafin kowane zango sai ka bi mu ɗaya bayan ɗaya kamar hira kake yi, ashe auna mu kake. Malamar Turanci tana goyo, sai ta tarar darasin da ke bayan hutu babu sunanta, ta samu ta leƙa gida ta shayar. Tsohon malamin tarihi gwiwa ta matsa masa, duk azuzuwansa suka sauko ƙasa, bai ƙara hawa bene ba har ya yi ritaya, kuma ya tafi yana zaton sa'a ce. Shekarar da mahaifina ya kwanta da shanyewar jiki, yammacin Litinin da Alhamis suka zama nawa ba tare da na roƙa ba. Da na je yi maka godiya ka ce, "Wace godiya? Kwalin ne ya faɗo haka." Kwali bai taɓa faɗowa haka ba, kai kake zama da magogi kana gogewa kana sakewa har ya yi wa kowa daidai.

A ƙarƙashinka na koyi koyar da lissafi, kuma kai ka ja ni cikin ƙungiya. Ranar da aka tsayar da ni takarar sakatare kai ka fara ɗaga hannu, ka ce wa mutane, "Ku ba shi. Shi Allah ya ba shi baki, ni ya ba ni fensir." Aka yi dariya, na ci zaɓe.

Alfarma ɗaya tak ka taɓa yi wa kanka a kwalin nan, ita ce safiyar Laraba. Ranar ce likita yake ganin masu hawan jini da ciwon sukari, kai kuwa kana fama da duka biyun. Kowa ya san da ita, har muna tsokanarka da cewa Laraba ta Malam ce, gado ya ci.

Sai aka shiga wannan shekara. Aka zaftare kasafin ilimi na yankinmu, aka kuma naɗa wa ofishin ilimi sabon shugaba wanda ban yi zaton alli ya taɓa ɓata masa hannun riga ba. A makarantarmu malaman lissafi biyu suka tafi, ɗaya ritaya, ɗaya canjin wurin aiki. Muka rubuta a kawo madadinsu, sai takarda ta dawo da layi biyu: babu ɗaukar sabon malami bana, a cike gurbi da waɗanda ke akwai. Alhali akwai yarjejeniya tsakaninmu da ofis cewa ba za a ɗora wa malami fiye da darasi ashirin da huɗu a mako ba. Ƙungiya ta zauna ta yanke cewa kada wanda ya tsara sabon jadawali. A bar gurabun nan a fili, iyaye su gani da idonsu, ofis ya ji kunya. Har yau ina nan a kan cewa koken namu gaskiya ne, kuma ban janye ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa wa ofis ba.

A wurin taron ka ɗaga hannu daga baya. Ka ce, "Sakatare, gurbi a kwali ba fili ba ne. Yara saba'in ne zaune ba malami, kuma 'yan ajin ƙarshe saura wata biyar su zauna jarrabawa." Na amsa maka da zafi, na ce in dai kullum mu za mu riƙa toshe ɓarakar ofis, ba za su taɓa gyara ta ba. Aka tafa mini. Aka kaɗa ƙuri'a, ka sha kaye, ka mayar da fensirinka bayan kunne.

Ranar Litinin muka shigo ɗakin malamai muka tarar da sabon kwali a manne a bango.

Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san yadda malamai suke karanta jadawali. Ana cincirindo a gabansa, kowa ya ɗora yatsa yana neman sunansa, ya ƙirga nasa, ya kwafe a bayan littafi, ya juya. Ba mai duba na wani sai in yana neman abin ƙorafi. Haka muka yi. Na ƙirga nawa na samu ashirin, safiyar Laraba kuma babu komai. A raina har na ji daɗi, domin ofis ya riga ya sa zaman sasantawa da ƙungiya kowace Laraba da safe. Kowa ya ƙirga nasa, ba wanda ya haura ashirin da huɗu. Ni malamin lissafi ne, amma ban tsaya na tambayi kaina ina darussan mutum biyu suka shiga ba. Haushi ya riga ya rufe mini ido.

Larabar farko da na je ofis, shugaban ofishin ya ɗaga kwafin jadawalinka ya kaɗa mini a fuska. Ya ce, "Ina matsalar take? Ga makarantarku tana tafiya lafiya lau ba tare da mutum biyun ba." Na fito raina a ɓace, kuma da wannan ɓacin rai na tsaya a babban taron ƙungiya. Na kira sunanka. Na ce a cikinmu akwai wanda ya kwance mana zani a kasuwa. Na ce daga yau ba Mai Fensir ba ne, Fensirin Ofis ne, su ke riƙe da shi suna rubuta abin da suke so. Ɗakin ya ɗauki shewa. Aka cire ka daga kwamitin ƙungiya, aka yanke a ƙaurace maka, ni na rubuta hukuncin a littafin taro da hannuna na sa hannu. Kana zaune a kujerar ƙarshe, ina ganinka. Ka jira aka gama, ka tashi ka fita a hankali.

Daga nan ka daina shigowa ɗakin malamai. Kujerarka ta bakin taga ta zauna ba kowa, kofin shayinka ya yi ƙura. Wani ya tambaya ina Malam, na ce kunya ce ta hana shi shigowa. Muna hango ka kana fita daga wannan aji kana shiga wancan, mu kau da kai.

Sau ɗaya muka yi kiciɓis, a bakin famfo, kana wanke alli a hannu. Ka rame, wuyan rigarka ya yi maka yawa, na gani amma na yi kamar ban gani ba. Kai ka fara gaishe ni.

Ka ce, "Sakatare, yaya zaman naku da ofis? Akwai alamar za su kawo mutane?"

Na ce, "Da ba a yi mana zagon ƙasa ba, da tuni sun kawo."

Sai ka ce, "Ka duba jadawalin nan kuwa?"

"Na duba."

"Duka?"

Na ce, "Na duba abin da ya shafe ni."

Ka yi ɗan murmushi ka ce, "To, Allah ya ba ku nasara." Ƙararrawa ta buga, ka yarfe hannu ka nufi aji. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Bayan an kai ka makwancinka, shugaban makaranta ya kira ni ya ce in taimaka a raba darussanka, tunda ni ne babba yanzu a sashen lissafi. Na ciro kwalin daga bango na shimfiɗa a tebur, kuma a karon farko na ɗora yatsa a kan sunan da ba nawa ba. A mako akwai darasi arba'in. Na ƙirga naka sau uku don ban yarda da idona ba: talatin da bakwai. Ka haɗe wasu azuzuwan a babban ɗakin taro, sauran duka ka ɗora wa kanka, don kada malami ko ɗaya ya haura abin da ƙungiya ta gindaya. Da na zo layin Laraba, darasi na ɗaya zuwa na huɗu, sunanka ne a ciki. Na ɗaga kwalin a hasken taga, sai ga sawun fensir a ƙarƙashi, inda ka fara rubuta sunana sannan ka goge. Mu biyu ne kaɗai muka rage da za mu iya riƙe 'yan ajin ƙarshe a safiyar nan. Ko ni in rasa zaman ofis, ko kai ka rasa ganin likita.

Laraba tara na yi ina tafiya ofis a lokacin da ka bar mini, kuma a cikinsu babu wadda ban ambace ka da mugun suna ba.

Na san ajali ba ya jira, kuma ba ni da ikon ƙara wa kowa ko rage masa kwana. Malaman addini sun gaya mini haka, na kuma yarda. Amma wannan bai wanke bakina daga abin da ya faɗa ba.

Na je gidanka na durƙusa a gaban mai ɗakinka, wadda nake kira Yaya tun ina saurayi ina cin abinci a gidan. Ta tarbe ni da kuka tana cewa, "Ƙanina, ina ka shige haka? Kullum sai na tambaye shi, sai ya ce aikin ƙungiya ya sha maka kai." A nan na gane ba ka taɓa gaya mata ba. Ta ce kowace Laraba sai sun yi rigima a kan asibiti, ta ɗauko katinka ta ajiye maka kusa da hula, ka mayar cikin aljihun tebur. Kana ce mata, "Bari dai, Sakatare ya fi ni buƙatar safiyar nan. In ya ci nasara za a kawo malamai, in huta gaba ɗaya."

Da zan iya yin shiru in tashi da mutuncina a idonta, amma na kasa. Na faɗa mata komai, har sunan da na laƙaba maka, har shewar da aka yi. Na ce, "Yaya, ki yafe mini." Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Abin da yake nawa na yafe maka, duniya da lahira. Amma ba ni ka yi wa ba. Nasa ba ya hannuna."

A taron ƙungiya na makon jiya na miƙe na karanta wa mutane layinka a jadawali, darasi bayan darasi, tun daga Litinin har Juma'a. Ba wanda ya iya ɗaga kai. Muka soke hukuncin, na rubuta a ƙarƙashinsa cewa ƙarya na yi maka, na sa hannu a inda na sa na farko. Ga shugaban ofishin ilimi kuwa, gurabun da ya ce babu su yanzu sun zama uku, kuma ba za mu daina buga masa ƙofa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, da 'ya'yanka huɗu, da 'yan'uwanka, da ɗaliban da suka ga faɗuwarka kuma har yau ba su daina tambaya ba. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku a inda ya saba tsayawa. Malam, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Allah ya sa kowane darasi da ka tsaya ka koyar da ciwo a jikinka ya zama nauyi a mizaninka, ya hutar da kai hutun da muka hana ka.

Ni kuma, duk wanda ya karanta wannan ya yi wa Malam addu'a, ina roƙonsa ya ƙara da ɗaya saboda ni: Allah ya sa ya riga ya yafe mini kafin ya rufe ido. Ban tambaye shi ba lokacin da yake iya amsawa.