Sandar Awon Baƙin Ruwa

Ranar wata Laraba, cikin sanyin da ya biyo bayan bikin samun 'yancin kai, na isa bakin tafkin ƙauyenmu da sassafe na tarar da sandar awon ruwa kwance cikin laka. Sawun shanu ne ko'ina, alamar wani garke daga wajen Illo ya sha ruwa ya wuce. Shekarata tara, jakar makaranta na rataye a wuyana. Na tsaya ina kallon sandar.

A ƙasar Bagudo ruwa biyu kogin Kwara ke kawo mana. Farin ruwa na damina ne, mai laka, shi ke cika fadama shinkafa ta tashi tare da shi. Baƙin ruwa kuwa sai bayan girbi yake tahowa daga nesa, garau, ba hadari ba tsawa, ya biyo ƙorama ya cika tafki ya haye fadama. Tsakanin biyun muke yanke shinkafa, mu jibge dammunan a kan wani ɗan tudu tsakiyar fadama su bushe. Abincin gidanmu na shekara duk yana kan tudun nan. Kakata, Inna Hajo, ita ke da sandar, ta gaje ta daga mijinta da tsage-tsagenta. In ruwa ya taɓa tsaga ta uku, sai a kwashe shinkafa a ranar. Aikina shi ne in duba kullum kafin makaranta, in gaya mata.

Na nemi tsohon ramin sandar ban gani ba, shanu sun tattake wurin. Sai na kafa ta inda na ga ya yi kama, na wanke hannuna na koma gida. Inna na tankaɗe, ta ce, "Ina ruwan ya kai, mai gidana?" Na ce yana tsaga ta farko. Ban faɗi zancen shanu ba, don tsoron kada a ce na makara ko a karɓe aikin.

Kwana biyu na yi ina shari'a da kaina. A aji malam na karanta lissafi, ni ina tambayar zuciyata ko ƙarya na yi. Ai ruwan a tsaga ta farko yake, da idona na gani. To amma sandar fa, a wurinta take? Da aka fita tara ana langa, na koma gefe na zauna. Ran Alhamis na ga ƙananan kifi sun yi baƙi a bakin ƙorama, dinya kuma, agwagwar ruwa, ta fara sauka garke-garke. Na san abin da suke nufi, amma sandar ta ce tsaga ta farko, na sake faɗin haka.

Ran Juma'a na kasa shan kunu. Inna ta dube ni ta ce, "Kai, mi ka damun ka?" Sai kuka ya ƙwace mini, na faɗi komai. Ba ta buge ni ba. Ta ɗauki mayafinta muka gangara, ta tsoma hannu cikin ruwan, ta ɗanɗana, ta dubi ganyen bado da ya fara nutsewa. "Ruwan ga ya kwana biyu da shigowa," in ji ta. "Ruga ka kira ubanka."

Baba ya riga ya ɗaura wa jaki kaya zai tafi kasuwa. Ya sauke, ya roƙi kwalekwalen maƙwabcinmu, wani masunci mutumin Dandi. Hanyar da muke bi da ƙafa zuwa tudu ta koma ruwa iya ƙugu. Maza da mata muka yi ta dakon dammuna, ruwan sanyi na cizon ƙafafunmu, ina kallon tudun yana ƙanƙancewa kowane sawu. Kafin la'asar mun kwashe na sama. Na ƙasa sun jiƙe, daga baya suka tsiro. Shekarar nan rumbu ya ƙare kafin sabon hatsi, muka cike da 'ya'yan bado, kuma duk lomar da na kai baki na san laifin wa.

Washegari Inna ta kai ni bakin tafki, ta tona laka ta nuna mini wani baƙin dutse da mijinta ya binne a gindin ramin. Ta kafa sandar ta ce, "Gobe ma kai za ka duba."

Yau na tsufa, sandar na hannuna. Ruwan tafkin ba ya yin sanyin da na sani, bado ya ja baya, dinya takan zo ta tarar da busasshiyar laka ta wuce. Wata shekara baƙin ruwa ya makara har kifi ya rasa inda zai yi ƙwai, wata shekara ambaliya ta cinye shinkafa tana tsaye. Jikokina na dariya in sun ga na gangara da sassafe ina duba tsaga. Sandar tana daidai kan dutsenta, ruwan ne ya daina zuwa kan lokaci.