Rijiyar Gindin Siminti

Shekarar da fari ya ci ƙasarmu, rijiyar ƙauyenmu na kusa da Yekuwa ta koma laka. Maƙwabta sun fara kora shanunsu kudu, hayin iyaka. Mu ma mun ɗaure kaya, sai ga mota da Nasara biyu da tafinta.

Suka yi ta leƙe-leƙe da na'ura a tudun bayan gonarmu, suka kafa wani turken siminti mai ƙusar tagulla a ka. Babana ya yanka musu akuya, ya tambayi tafinta a zurfin gaba nawa ruwan yake.

"Ba ruwa suke nema ba, Baba," in ji tafinta. "Wai ƙasa tana tafiya a hankali. Akwai masu manyan kwanonin ƙarfe a ƙasashe masu nisa da juna, suna sauraron tauraro ɗaya lokaci guda, da haka suke gane ko ta gusa. Wannan alamar awo ce kawai."

A wajenmu ba a kafa turke a fili sai inda za a ɗaure dabba ko a haƙa rijiya. Suna tafiya Baba ya ce mini, "Ka taɓa ganin Nasara ya sha rana a banza? Ruwa suka gani, suka yi masa shaida. Kwance kayan."

Na ce mu bi mutane tun shanu na iya tafiya. Ko kallona bai yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa ke ja da uba? Na ɗauki dagi, muka fara haƙa a gindin turken.

Ni a cikin rami, shi a sama yana jan ƙasa da guga. Kullum sai ya damƙi yashi ya shinshina, ya ce ya fara sanyi. Shanu kuwa suna kwantawa ɗai-ɗai. Daga baya na ji a rediyo cewa gaskiya tafintan ya faɗa, ƙasa na gusawa kamar tsiron farce. Tsaki kawai na yi.

Wata hantsi na cika guga na girgiza igiya, ba a ja ba. Na yi kira, shiru. Gabana ya faɗi, na hau ta matakan da na sara a bango. Na tarar da Baba durƙushe gaban saniyarmu ta ƙarshe, ya yanka ta kafin ta zama mushe. Na tsaya a kansa.

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Koma ciki, ɗan nan. Ya kusa."