Na Ɓoye wa Likita Ciwona Saboda Kunyar Surukina

Assalamu alaikum. Ina rubuto muku daga cikin Birni, a Damagaram. A lokacin da wannan abu ya faro ni magidanci ne mai ƙarfi a jika, ina limancin wani ƙaramin masallaci a unguwarmu, ina kuma rubuta wa mutane wasiƙa da ajami. Karatuna duk na zaure ne, ban taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, Faransanci kuwa ban wuce gaisuwa ba. Ina da mata ɗaya da ƴaƴa ƙanana. Mahaifinta tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai kwarjini, wanda tun da na auri ƴarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban kuma taɓa ɗaga ido na dube shi sosai ba. Haka aka tarbiyyantar da mu.

Tun ina saurayi nake fama da ciki. Zawo yakan zo mini da jini da majina, ya yi makonni, ya lafa, ya sake dawowa. Kowa ya ce basir ne, ni ma na yarda, don ban san namijin da ba ya kukan basir ba. Wani mai magani daga Droum yakan kawo mini jiƙon ɓawon itatuwa masu ɗaci, in sha safe da yamma. Idan ciwon ya lafa don kansa sai in gode wa jiƙon. Idan ya tashi sai in ce ni na jawo, na ci yaji. Wani lokaci ina tsakiyar jan salla cikin ya murɗa, in gajarta karatu, mamu su yi ta yaba mini wai ina tausayin tsofaffi.

Bayan shekaru sai ƙaiƙayi ya same ni, irin wanda ba ƙurji ba borin jini, daga can cikin fata yake. Ina susa har in fitar da jini. Fitsarina ya koma kamar shayin da ya daɗe a wuta, idanuna suka yi rawaya. Abokaina na majalisa suna tsokanata, wai liman ya fara kwalli da gangamau. Maƙwabta suka ce shawara ce, aka haɗa mini wani jiƙon daban, aka hana ni mai. Ya zama ina shan na basir da safe, na shawara da yamma, ban taɓa kawo wa raina cewa ciwukan biyu suna da alaƙa ba.

Da zazzaɓi mai karkarwa ya fara kayar da ni, surukina ya zo da kansa ya ce in tashi mu tafi asibiti, shi bai ba da ƴarsa don ta yi takaba da ƙuruciya ba. Likitan da muka samu baƙo ne, Hausarsa ba ta da yawa, don haka surukina ya zauna a gefena yana fassara. Likita ya duba idona, ya danna cikina, sannan ya yi wata tambaya. Surukina ya juyo ya ce Malam, yana tambaya ko kana yawan zawo, ko ka taɓa ganin jini a bayan gida. Na dubi ƙasa na ce Baba, lafiya lau nake ta nan. Ya maimaita, ya ce in tuna da kyau. Na ce wallahi ba komai. Har da rantsuwa, Allah Ya yafe mini. Likita ya rubuta magani a kan abin da aka gaya masa, ya ce in dawo a sake awo. Zazzaɓin ya sauka, rawayar ta ragu, ban koma ba, don na san da wa zan koma. Na ci gaba da jiƙona.

Haka na yi ta tashi ina faɗuwa har cikina ya fara kumbura, ƙafafuna suka yi nauyi, naman jikina ya zube. Aka kai ni Yamai. Can na samu likita Bahaushe, muka zauna mu biyu kawai, na kwashe komai na gaya masa tun daga samartaka. Aka saka na'ura aka leƙa hanjina, aka ɗauki hoton hantata. Ya ce abin da nake kira basir ba basir ba ne, gyambo ne da kumburi a babban hanji, ciwo mai daɗewa. Ya ce a cikin masu irinsa akwai waɗanda yake tafiya tare da wani ciwon a ƙananan hanyoyin da ruwan maɗaciya ke bi daga hanta. Hanyoyin sukan kumbura su tsuke, ruwan ya taru ya yi ta cin hantar a hankali. Ƙaiƙayin da rawayar ido daga nan suke. Na tambaye shi ko da na faɗi gaskiya tun farko da na warke. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, wannan ciwo ba shi da ƙwayar da ke kawar da shi. Amma da an sani, da an kula da hanjin, an buɗe hanyar da ta toshe, an raba ni da jiƙon da ke ƙara wa hantar wahala, da wataƙila na samu shekaru. Yanzu abin da ya rage shi ne dashen hanta, a ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba. Na ce masa to, na gode.

Na dawo gida na ajiye limanci, don ba na iya tsayuwa. Matata ce ta gaya wa mahaifinta abin da likita ya ce. Ya shigo ɗakina ya zauna a bakin gado, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce haba Malam, shi da ya yi jinyar mahaifinsa yana wanke masa shimfiɗa da hannunsa, wane jini ne zai ji ya raina ni? Ya ce da na ce masa ya fita ma, da ya fita.

Na yarda da ƙaddara, kuma na san ba wanda ke wuce ranarsa. Amma ni ne nake karantar da magidanta babin tsarki, ina kiran kowace najasa da sunanta ba tare da na sunkuyar da kai ba, sai ga shi a inda raina ya dogara da kalma ɗaya na kasa furta ta. Ƴan'uwa, duk mai ganin jini a bayan gida yana tafiya yana dawowa, kada ya yanke wa kansa hukunci cewa basir ne. Idan ƙaiƙayi ko rawayar ido suka biyo baya, ya gaya wa likita duka biyun a zama ɗaya. In akwai wanda yake jin nauyinsa a ɗakin, ya roƙe shi ya ba shi wuri. Ni yanzu ba na iya zuwa bayan gida sai an riƙe ni, kuma mafi yawan lokaci surukina ne ke riƙe ni, shi ke ɗauko mini buta. Ku sa ni a addu'a, Allah Ya sa mu cika da imani.