Allon Clarrie

Duk wanda ya halarci zaman ƙaramar hukumar Yarrabool ya san Noreen Pascoe. Ita ce tsohuwar nan mai farar hula da ke miƙewa duk lokacin da aka tayar da zancen rufe filin harbi, ta yi wa 'yan majalisa bayani a tsanake har su rasa ta cewa. Wanda bai san asali ba sai ya ɗauka da bindiga aka haife ta.

Alhali shekara arba'in ta yi a kulob ɗin harbi ba ta taɓa kunamar bindiga ba. Nata dai kicin ne. Kowace Asabar mijinta Clarrie ya kwanta rub da ciki yana saiti, ita kuma tana dafa wa maza shayi tana leƙensa ta taga.

Da Clarrie ya rasu, ɗan sanda ya zo har gida, ya cire hula, ya gaya mata doka. Bindigar ba za ta zauna a gidan da babu mai lasin ba. Gona kuwa, wadda da ta zama hujjar riƙe bindiga, sun daɗe da sayarwa, don haka hujja ɗaya ta rage mata: ta zama 'yar kulob mai harbi da gaske, shugaban kulob ya shaide ta. In ba haka ba, a sayar ko a narka.

Takalmansa ta bayar, motarsa ta bayar. Amma bindigar nan da tafin hannunsa ya goge wa ƙota har ta yi sheƙi, ranta ya ƙi rabuwa da ita.

Ta yi karatun kiyaye haɗari, ranar Asabar ta kwance ƙyallen girkin da take ɗaurawa ta fito fili. Shugaban kulob, Merv, mutum ne da ko uwarsa ba zai ɗaga wa ƙafa a kan ƙa'ida ba. Shi ya karɓo bindigar daga ajiya, ya ba ta layi na biyar. A na huɗu kuwa Des ne, abokin Clarrie, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana shan kaye a hannunsa.

"To yau wa zai ba mu shayi?" in ji Des.

"Hannunka ya karye ne?"

"Ke dai ki tuna, bakin mai rami shi ke kallon gaba."

"Tsoho, ji da idonka."

Ta kwanta, gwiwa na ƙara. Ta riƙe numfashi yadda ta sha ganin Clarrie na yi, ta ja. Ƙotar ta doki kafaɗarta.

A filin nan akwai mutane cikin rami ƙarƙashin allunan da ake harbi. In harsashi ya shiga, sai su sauke allon, su liƙa alama, su mayar. Allo na biyar bai ko motsa ba. Na huɗu ne ya sauka, ya dawo da alama a tsakiya cif.

"Ikon Allah," in ji Des. "Ni ko harsashi ban sa ba!"

Aka kwashe da dariya, ban da Merv. Harbin allon wani ba maki, kuma shi ne kuskuren da ya fi tsana, don yana nufin mutum bai san inda bakin bindigarsa yake ba. Noreen ta zare harsashi, ta buɗe bindiga yadda aka koya mata.  Ta riga ta ga an tafi da bindigar Clarrie.

Merv ya tsuguna kusa da ita.

"Noreen, ba ki ga lamba ba?"

"Na gani."

"To me ya kai ki allon Des?"



"Ba na Des ba ne. Shekara arba'in daga tagar can, shi kaɗai nake kallo. Ban ma san sauran na nan ba."

Dariya ta ɗauke. Kowa a wurin ya san Clarrie ne ya saba kwanciya a layi na huɗu.

Merv ya miƙe, ya kakkaɓe wando.

"Wannan harbi ba maki, doka ce." Ya juya. "Kai Des, naɗe tabarmarka ka koma biyar."

Des bai yi musu ba. Ya ja kayansa yana share hanci da bayan hannu, ita kuma ta matsa ta kwanta a gurbin mijinta.